Benci Arba'in da Kujerar Malam Isaka

Ku ajiye min kujerata inda kuka same ta. Tun ɗazu nake kallonku kuna juya ta kuna neman inda aka buga ƙusa, kuma ba za ku gani ba, don babu. Ku da kuka buɗe ido a kamfanin nan kuka tarar da inji yana yanka ƙofa ɗari kafin azahar, kun ɗauka kafinta shi ne mai danna koren maɓalli, in ya gaji ya danna ja. To, tunda shayin bai ƙare ba, ku zauna in gaya muku yadda kujerar nan ta zo Jidda, da yadda ni Sani na ƙare ina tura katako bakin inji da furfurata.

Aikin farko da na ɓata a rayuwata ƙofa ce. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Tasawa ba, ina koyo a warsha, wato shagon kafinta, na Mu'allim Bakur a unguwar Mahjar, Allah ya jiƙansa. Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa da ƙafa ya zo aikin hajji bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, zaginsa kuwa cikakke ne a kowane harshe. Shekara guda cur bai bar ni na riƙe zarto ba, sai jera katako da sharar dusa. Da ya ga na fara hankali ya ba ni ƙofar wani mutum in haɗa. Na zage na yi ta tsaf, ko takarda ba ta shiga tsakanin falankan. Ashe gidan mutumin a Ɗa'if yake, can saman dutse inda iska take a bushe. Wata biyu ya dawo da ita a bayan mota, ta tsattsage, kana leƙa waje ta cikinta. Mu'allim bai mare ni ba, da ma ya yi ya fi sauƙi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan tsagar ya ce, “Ya Sani, katako bai mutu ba. A Jidda yana shan danshin teku ya kumbura, ka kai shi inda babu danshi ya zubar ya motse. Ka tambayi mai ƙofar ina za a kai ta?” Ban tambaya ba. Daga ranar, kafin in yi maganar kuɗi da kowa sai na ce masa, ina za a kai shi?

Da Mu'allim ya rasu, abu ɗaya ya ce a ba ni, fararsa, wato abin da muke fere katako da shi ya yi sumul. Jikinta na itace ne, ya yi baƙi saboda zufar hannu, gurbin babban yatsansa ma ya fito a gefe. Shekara ashirin da wani abu ina aiki da ita a warshar, bayan warshar ta koma hannun kafilina Abu Majid, Balaraben da ya tsaya min nake zaune a ƙasar. Mun yi gadaje, mun yi kabad na amare, mun yi mumbarin masallaci guda biyu. Matan unguwa su ne masu wahalar sha'ani. Mace za ta zo ta auna bango da gyalenta, ta ƙulla inda ya tsaya, in kabad bai shiga ba kai ne ba ka iya aiki ba.

Sai shekarar nan ta zo mana da ba na son tunawa. Manyan kantuna suka cika gari da kayan kwali, ka saya ka ɗaura da kanka a gida, ga araha. Amare suka koma can. Mu biyar ne a warsha, muka koma uku, muka koma ni kaɗai. Wata rana Abu Majid ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko shigo ba, ya ce, “Ya Sani, iƙamarka saura wata huɗu. In babu wani aiki babba kafin nan, halas, zan rufe.” Kun san ma'anar wannan, iƙama ita ce takardar izinin zamanka a ƙasar. Mutum mai shekara kusan sittin, 'ya'yansa duk a Mahjar aka haife su, ko dai ya sami wanda zai karɓi kafalarsa ko ya tattara. Kuma wa yake neman tsoho?

Ana cikin haka sai ga aikin benci arba'in. Wata makarantar kuɗi ce ta can arewacin gari, irin wadda direba yake kai yaro ya jira shi. Duk shekara suna kwasar manyan ɗalibansu su kai su Afirka kwana goma, wai aikin sa-kai. Bara sun je wani ƙauye a arewacin Gana sun kai bencuna na aji, bana ma can za su koma. Shirin shi ne yaran su zo warsha Asabar uku su koya, su taɓa aikin da hannunsu, ni in ƙarasa, a zuba a kwantena. Abu Majid har rungume ni ya yi. Ya ce aikin nan kaɗai zai riƙe mu shekara, kuma in sun ji daɗi duk shekara namu ne.

Asabar ta farko bas mai sanyi ta tsaya a ƙofar warsha, samari goma sha biyu suka sauko, 'yan shekara sha shida sha bakwai, kowa da sabuwar safar hannu da gorar ruwa. Malaminsu Bature ne, Mista Alan, dogo mai fara'a, ba ya jin Larabci sai salamu alaikum. Wani yaro Faisal, ɗan manyan 'yan kasuwa, shi ne mai fassara tsakaninmu. A cikinsu akwai baƙi guda ɗaya, baƙi kamar ni, sunansa Mu'az. Shi ya sauko ƙarshe ya tsaya gefe. Abu Majid ya fito daga ciki yana washe baki yana gaisa yaran ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan Mu'az sai ya tsuke fuska ya nuna masa falankan da ke bakin hanya, ya ce, “Kai, me kake jira? Yalla, kwashe waɗannan, baƙi za su wuce.” Ya ɗauka lebura ne na ɗauko.

Yaran suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, “Mu'az, tun ba mu kai ka gida ba har an ba ka aiki!” Abu Majid da ya gane sai ya rikice yana ba da haƙuri, don uban yaron babban likita ne, ɗan ƙasa kamar kowa a cikinsu. Shi kuwa Mu'az ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya sunkuya ya kwashe falankan duk da haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Sannu ɗana, ɗan gidan wa?” Na ga kunnensa ya ji, amma ya dube ni ya amsa da Larabci cewa bai gane ba. Na ce to, na ƙyale shi.

Kada ku ɗauka ragwaye ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun zo dai da tunanin benci katako huɗu ne da ƙusa. Na ba kowa zarto da guntun falanki, na ja layi da zawiya, ƙarfen daidaita kusurwa, na ce a bi. Ya salam! Wani ya yanka kamar hanyar maciji, wani ya danne zarton da ƙarfi har ya lanƙwashe. Na ce musu zarto ba a yi masa dole, kai dai riƙe shi ka bar haƙoransa su ci. Faisal ya cire safar hannun don ya ji katakon sosai, kafin azahar tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, bai ajiye ba. Yaron ya burge ni. Da muka zauna shan shayi na ce masa, “Ya waladi, in talaka baƙi kuke nema ku taimaka, me ya kai ku tsallaka teku? Ga mu nan a Mahjar, rabin awa a mota.” Kunya ta kama shi, ya ce, “Wallahi ya ammi ban taɓa zuwa nan ba sai yau. Kuma tafiyar ana rubuta ta a takardun neman jami'a.” Gaskiyar da ya faɗa ta sa na ƙara masa shayi.

Asabar ta biyu na yi tambayata ta kullum. Ina za a kai su? Daɓen ajin siminti ne ko ƙasa? Yara nawa a benci ɗaya? Mista Alan ya ji daɗi, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna min hotunan bara. Ga ɗalibai a gaba sun yi ja da rana suna dariya, ga yaran ƙauye sun yanyame su, ga bencuna sababbi suna ƙyalli. Ni ba fuskoki nake kallo ba. Na ce a matso min da ƙafar benci. Ƙusa ce da gam, an haɗa a Jidda an matse tsam. Na dubi ƙasar wurin, ciyawa ta ƙone, bishiyoyi duk sun kaɗe. Nan take na ga ƙofar Ɗa'if sau arba'in. A can gefen hoton kuma akwai wani mutum da aka yanke rabinsa, ba a ga fuskarsa ba, sai kafaɗa da hannu riƙe da zarto. Na ce wane ne wannan? Mista Alan ya ce bai tuna ba, wataƙila mai gadin makarantar ne.

Makon nan ban ji daɗin aiki ba. In na yi shiru na haɗa bencunan, za su fita daga hannuna lafiya lau, a yi hoto, a sabunta min iƙama, abin da zai faru bayan rani ya shiga babu wanda zai ce Sani ne. In na buɗe baki kuwa, na san inda maganar za ta tsaya. Na gwada dabara iri-iri, ko in shanya katakon, ko in bar sarari a haɗin, amma ban san bushewar garin ba, ban san irin itacen da gararsu take ci ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Har ranar Juma'a ina cewa a raina ba ruwana.

Asabar ta uku na ce wa Mista Alan ina son in ga ajin da idona kafin in yanka sauran katakon. Ya kira shugaban makarantar ƙauyen ta bidiyo, muka taru a kan waya. Mutumin ya zaga da mu cikin aji yana ta godiya da Turanci. Bencunan ajin kaɗan ne, ashe rabin yaran a ƙasa suke zama. Na sa Faisal ya tambaye shi ina bencunan bara, ya yi 'yan kame-kame, sannan ya fita ya zaga bayan ajin. Ga su nan an jibge, wasu ba ƙafa, wasu sun buɗe baki. A gindin wata bishiya wani dattijo ya kwantar da guda ɗaya yana zare ƙusoshin yana huda rami. Ya ɗago ya ce wa shugaban, “Sannu da zuwa, malam.” Da Hausa!

Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Na ce, “Salamu alaikum, maigida, sannu da aiki!” Ya ajiye guduma ya leƙo ya ce, “A'a! Bahaushe a cikin waya? Daga ina?” Na ce daga Jidda. Ya ce sunansa Isaka, shi ne kafintan garin, shi yake yi wa makarantar benci tun tana aji biyu, har baƙi suka fara kawo nasu. Na ce ya aikin? Ya ce, “To, alhamdu lillahi. Da ina yin sabo a biya ni, yanzu ina gyaran na kyauta a ce min Allah ya saka. Jikokina ne ke zama a kai, in bar su ƙusa ta yage su?” Ya juyo da bencin da ya gama ya nuna min. Ya fiƙe bakin katako ya shigar a ramin ƙafa, ya soke da 'yar ƙusar itace, yadda in rani ya sa ya motse sai a ƙara bugawa ya koma daram. Aikin mu'allimai ne, na gani na sani.

Na ce masa bana ma arba'in ne za su zo, kuma ni ne mai haɗawa. Ya ce, “Ɗan'uwa, kai ma abincinka kake nema, ba zan ce ka bari ba. Amma ka roƙar min su kada su sa gam ɗin nan, yana wahalar da ni wajen ɓamɓarewa. Da ma katakon kawai suka aiko, ko kuɗinsa, da yaran sun zo sun riƙe min ina bugawa.”

Mista Alan ya ce me yake cewa? Na mayar wa Faisal da Larabci, kuma wallahi ni kaina na rage, na ce mutumin yana da 'yar shawara kan gam. Faisal ya ƙara ragewa, don yaro ne mai kunya, na ji dai ya ce wa malamin kalmar godiya. Malamin ya yi murmushi zai karɓi wayarsa. Da an tashi a haka.

Sai Mu'az ya yi magana daga baya. Da Turanci ya fara, ya daɗe yana yi, yana nuna wayar yana nuna tulin bencunan. Sannan ya juyo gare ni ya ce da wata Hausa mai tauri, irin ta wanda ya ji ta a bakin kaka bai taɓa mayarwa ba, “Baba, na faɗa duka. Na faɗa yana gyara babu kuɗi.” Yaron da ya yi masa ba'a ranar farko ya buɗe baki ya ce, “Kai kana jin yarensu?” Mu'az ya ce, “Yaren kakata ne.”

Mista Alan ya yi ja har wuya. Ya zauna a kan buhun dusa ya dafe kai, sannan ya sa aka tambaye ni, ni a matsayina na kafinta, in na haɗa su a nan da kyau za su yi ƙarko a can? Abu Majid yana tsaye a bayansa yana ƙifta min ido. Yaro ɗan shekara sha bakwai ya tsaya gaban abokansa ya faɗi abin da yake ɓoyewa, ni da furfurata in yi ƙarya? Na ce, “Mu'az, gaya masa a'a. Katakon da ya sha danshin Jidda ba zai zauna a can ba, ko wa ya haɗa shi. Gaya masa suna da kafinta a can wanda ya fi ni sanin garinsa. Su sayi katako a can, su biya shi, yaran nan su zama 'yan riƙe masa.”

Haka aka yi. Makarantar ta biya mu ladan koyarwar Asabar uku, ta soke benci arba'in. Abu Majid bai yi min magana ba sai da ya zo da kwaɗon rufe warsha, ya ce, “Kai ka rufe ta, ba ni ba.” Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Amma bai yar da ni ba, ya yi ta yawo da takarduna har kamfanin nan na Madinar Masana'antu ya karɓi kafalata saura kwana tara iƙamar ta mutu. Albashin bai kai rabin abin da nake samu da ba, muka bar gidanmu muka koma ɗaki biyu. Ranar da nake kwashe kayana Mu'az ya zo sallama. Na dubi farar Mu'allim Bakur, na san inda za ni inji ne zai yi fira, sai na naɗe ta a tsumma na ce ya kai wa Malam Isaka. Na yi kuka bayan ya tafi, ba zan ce ban yi ba.

Bayan wata guda da dawowarsu ya neme ni har nan, shi da Faisal, hannayensu duk kanta. Faisal yana ta zuba, wai Malam Isaka ya kore shi daga kan zarto sau uku, ya mayar da shi shafa sanfefa. Na tambayi Mu'az ya ya ga garin. Ya yi dariya ya ce, “Baba, a can ma ranar farko sun ɗauka ni yaron aikinsu ne, aka miƙo min jakunkuna.” Na ce to sai me? Ya ce sai ya gaishe su da Hausa, wata tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ƙi saki.

Sannan ya buɗe kwali ya fito da wannan kujerar, yana jin kunya. Ya ce Malam Isaka ne ya yi min da farar, amma in yi haƙuri, yana jin ta lalace a jirgi, don tana girgiɗi. Na ajiye ta a ƙasa na taɓa, ƙafafun huɗu duk suna motsi. Na juya ta na duba haɗin. Kowane rami an bar masa sarari daidai kaurin farce, duka huɗun iri ɗaya. Na ce, “Mu'az, kafin ya fara, bai tambaye ka komai ba?” Ya yi tunani ya ce, “Ya tambaya. Ya ce garinku bakin teku ne? In an shanya riga tana saurin bushewa?”

Na ce su dawo bayan mako biyu. Da suka dawo na sa Faisal, wanda ya fi su jiki, ya hau kanta ya tsaya da ƙafa biyu ya yi tsalle. Ko ƙis ba ta yi ba. Ta sha danshin Jidda ta kumbura ta kama kanta, yau shekara huɗu ke nan ban taɓa mata komai ba.

An kunna inji, ku tashi. Kai mai jar hula, ƙofofin nan hamsin da kake shirin turawa, ka duba takardar ka ga ina za a kai su?